Tabarau Marar Nauyi: Aikin Ƙarfe ne ko na Hanci?

Duk wanda ya ɗauki firam ɗin tabarau na titaniyam zai ji shi sakayau, har ya yi zaton roba ce. Ƙarfe ne kuwa. Idan aka yanko ɗan curi mai tsawo da faɗi da kauri santimita ɗaya-ɗaya, na titaniyam zai auna giram 4.5, na baƙin ƙarfe kusan giram 8, na monel kuwa, wato gaurayen nikel da jan ƙarfe da ake yawan ƙera firam da shi, kusan giram 9. Alminiyam ya fi su duka rashin nauyi, sai dai laushi gare shi. Titaniyam kuwa yana da ƙwari, saboda haka siririyar waya ta ishe shi riƙe gilashi. Wani malamin coci, William Gregor, shi ya gano shi a Ingila cikin 1791.

Amma hanci ba sikeli ba ne. Fatar karan hanci siririya ce, ƙashi na kusa, kuma jijiyoyinta dannawa suke ji. Firam mai nauyi da ya zauna daram bisa faffaɗan matashi ya fi daɗin sawa a kan marar nauyi da ya karkace yana cizon wuri guda. Haka kuma gilashi mai kauri yakan rinjayi firam ɗin nauyi. Inda titaniyam ya yi zarra shi ne zufa ba ta cinsa, domin wata siririyar fata da yake yi idan ya haɗu da iska tana kare shi, kuma ba ya jawo ƙaiƙayin da nikel ke jawo wa wasu. Ga mai ratsa Ƙofar Mata da zafin bazara, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Duk da haka, bai kamata a matsa wa uban ɗalibin da ba ya ganin allo ya sayi firam mai tsada ba. Kuɗin ya fi amfani wajen awon ido da gilashin da ya dace. Ga kuma batun gyara: firam ɗin monel in ya karye, maƙerin fari a Kasuwar Kurmi zai iya liƙe shi. Titaniyam kuwa in ya ji wuta a fili sai ya sha iskar oksijin ya yi gautsi, don haka waldarsa sai cikin iskar argon, abin da ba kowace maƙera ke da shi ba.