A TABBATAR DA AWON JINI KAFIN A KUNYATA MUTUM

Tun da Janar Buba Marwa ya karɓi shugabancin hukumar NDLEA a 2021 yake kira da a riƙa auna 'yan takara da masu neman aiki, har da masu shirin aure, don a gane mai shan ƙwaya. Kiran yana da dalili, domin binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 suna ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya. Amma kafin wannan doka ta isa ƙauyuka irin su Arikya ta ƙasar Lafiya, lalle ne hukuma ta faɗa wa talakawa irin awon da za a yi musu.

Awon nan iri biyu ne. Na farko ɗan tsinke ne da ake tsomawa a fitsari, cikin 'yan mintoci ya ba da amsa. Yana da araha, amma zato yake bayarwa kawai, don kuwa kamannin sinadari yake bi. Rifampicin, wanda masu tarin fuka ke sha wata shida bisa umurnin likita, yakan sa tsinken ya nuna alamar dangin kodin. Efavirenz na masu ƙanjamau ya sha fitowa da kamannin wiwi. Abin mamaki kuma, tiramadol, wanda ke addabar samarin karkara masu noman ƙodago, ba ya fitowa a tsinken dangin kodin, sai an tanadi nasa daban. Watau mara lafiya ya shiga tarko, mashayi ya wuce yana dariya.

Na biyu shi ne na ɗakin bincike, inda na'urar GC-MS ko LC-MS ke rarrabe sinadaran da ke cikin jini ɗaya bayan ɗaya, ta auna nauyin kowanne, ta faɗi sunansa da yawansa. Jini yana ba da shaidar abin da aka sha cikin sa'o'i zuwa kwana ɗaya ko biyu, saboda haka shi ya dace da direban da ya yi hatsari. Fitsari yakan riƙe na 'yan kwanaki, gashi kuwa har wajen kwana 90.

A ƙauye magana ba ta kwana. Saurayin Arikya da aka ce tsinke ya kama shi, kafin ya sauka daga mota labari ya riga shi gidan surukai, alhali kuwa wataƙila maganin asibiti ne a jikinsa. Wa zai biya shi mutuncinsa?

Don haka wajibi ne Gwamnatin Jihar Nasarawa ta kafa ƙa'ida cewa ba za a hana kowa aiki ko takara ba sai an tabbatar da sakamakon da awo na biyu, kuma da kuɗin gwamnati. A tambayi mutum magungunan da yake sha tun kafin a ɗebi jininsa, a rufe kwalbar a gabansa, a sa mata lamba maimakon suna, sa'an nan a aika da ita ɗakin bincike.