Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni: Darasi Daga Harshen BCPL



Kullum muka shiga ɗakin kwamfuta sai ka ji ana ƙorafi: na'urorin sun tsufa, ba su da sauri, ba za a iya komai da su ba. Ni ma na sha faɗin haka. Yau na sauya ra'ayi, kuma labarin wani tsohon harshen kwamfuta ne ya sa.

A farkon shekarun 1960, masana daga Jami'ar Kambirij da Jami'ar Landan a Ingila suka haɗu don tsara harshe mai suna CPL. Burinsu shi ne harshe ɗaya da zai yi lissafin kimiyya, ya kuma yi aikin kasuwanci. Sai harshen ya yi girma da yawa, shekaru suka yi ta wucewa ba a gama rubuta masa cikakken tafinta ba. Tafinta a nan ita ce manhajar da ke juya abin da mutum ya rubuta zuwa lambobin da na'ura ke ganewa. Idan babu ita, harshe rubutu ne kawai a takarda.

Wani matashi a Kambirij, Martin Richards, ya ɗauki CPL ya zubar da duk abin da ke da wuyar fassarawa. Abin da ya rage shi ne BCPL, wanda ya fara aiki a 1967 lokacin da Richards yake MIT a Amurka.

Ga inda hikimar take. A zamanin, kowane kamfani da irin na'urarsa, kuma manhajar wannan ba ta aiki a kan waccan. Richards ya raba tafintansa gida biyu. Kashi na farko yana juya rubutun zuwa wani harshe na tsakiya mai suna O-code. Kashi na biyu yana juya O-code zuwa harshen na'urar da ke gabanka. Idan sabuwar na'ura ta fito, kashi na biyun kaɗai za a sake rubutawa. Kamar kasuwa ce da ta tara masu harsuna iri-iri: maimakon kowa ya koyi harshen kowa, sai duk a haɗu a Hausa a yi ciniki.

Daga nan zuriya ta fara. A 1969, Ken Thompson na Bell Labs ya ƙara rage BCPL don ya shiga ƙaramar na'urar PDP-7, ya kira shi B. Dennis Ritchie ya gina C a kan B wajen 1972, kuma a 1973 aka sake rubuta zuciyar Unix da C. Da C aka rubuta Linux, wadda Android ke zaune a kanta. Wato wayar da ke hannun yayanka tana da jini da aikin Richards. Java, da ya fito a 1995, shi ma yana bi ta harshen tsakiya kafin ya isa na'ura.

Wani zai ce: ai BCPL ɗin ya mutu, kuma yana da nakasu. Gaskiya ne. Bai bambanta harafi da lamba ba, komai a wurinsa ma'auni ɗaya ne. Da B ya gaji wannan hali, ya zo ya takura a na'urar PDP-11, shi ya sa Ritchie ya shigo da nau'o'in bayanai cikin C. Amma ku lura: an gano nakasun ne saboda harshen yana aiki, mutane suna amfani da shi. Abin da ba a gama ba, wa zai gyara shi?

Mu ma a ƙungiyarmu ta 'yan jarida mun taɓa yin irin ta CPL. Bara muka ce sai mujalla mai launi da hotuna, bugun maɗaba'a. Zango biyu muna taro, kuɗi bai samu ba, ko shafi ɗaya bai fito ba. Da muka koma kwali da alƙalami, ga shi kuna tsaye kuna karantawa.

Don haka ina da roƙo biyu. 'Yan'uwa ɗalibai, kwamfuta mafi tsufa a ɗakinmu ta fi PDP-7 ƙarfi nesa ba kusa ba. Mu zauna mu rubuta ƙaramar manhaja, ko da mai tara makin jarrabawa ce ta fitar da matsakaici. Ta yi aiki tukuna, ado ya biyo baya.

Malamanmu kuma, muna roƙo cikin ladabi: haddace zamunan kwamfuta don jarrabawa yana da amfani, amma a ware mana ko da darasi ɗaya a mako mu taɓa na'ura da hannunmu. Idan babu wuta, a bar mu mu rubuta matakan a allo, mu bi su layi-layi kamar mu ne na'urar.

Wanda yake son mu fara, ya rubuta sunansa da ajinsa a takardar da ke ƙasan wannan allo kafin ranar Juma'a.

Daga wani ɗan ƙungiyar 'yan jarida, SS 2