Bashi da Faɗuwar Farashin Motocin Tarihi

Akan ɗauka cewa da zarar tattalin arziki ya shiga mawuyacin hali, kayan ƙawa ne farkon zubewar daraja. Tarihin kasuwar tsofaffin motocin alfarma, waɗanda attajiran Turai da Amurka da Japan ke tarawa suna adanawa, ya nuna cewa wannan zato bai cika gaskiya ba. Abin da ya fi karya farashinsu shi ne bashi da tsadar kuɗin ruwa.

Bayan faɗuwar kasuwannin hannun jari a watan Oktoba na 1987, masu kuɗi da dama sun nemi wata ma'ajiyar dukiya, suka faɗa wa zane-zane da motoci. Mutuwar Enzo Ferrari a 1988 ta ƙara rura wutar, don kuwa an yi zaton duk motar da aka ƙera yana raye za ta zama zinariya. Nan fa 'yan baranda suka cika kasuwa, mutanen da ko tuƙin motar bai dame su ba, suna cin bashin banki su saya yau don su sayar gobe. A 1989 wani ɗan Japan ya biya fiye da dala miliyan 13 a kan Ferrari 250 GTO, samfurin da guda 36 kacal aka ƙera tsakanin 1962 da 1964.

Daga nan sai rance ya yi tsada. A Ingila kuɗin ruwa ya kai kashi 15 cikin ɗari a 1989. A Japan kuma babban banki ya ɗaga shi daga kashi 2.5 zuwa kashi 6 kafin ƙarshen 1990. Mota dai ba ta haihuwa, ba ta kawo haya. Ci ma take yi, na inshora da gyara da wurin ajiya. Mai bin bashi kuwa ba ya jira. Masu motoci suka fito sayarwa lokaci guda, masu saye suka ɓace. Da aka sake sayar da waccan GTO a 1994, kuɗinta bai kai dala miliyan 4 ba. Hatta sabuwar mota ba ta tsira ba: mutanen da suka ba da kafin alƙalami na fam 50,000 don Jaguar XJ220 sun riƙa neman janyewa da ta fito a 1992, har maganar ta kai gaban kotu.

Wani zai ce ai karyewar tattalin arziki ce ta jawo duk wannan. To, amma rikicin kuɗi na 2008 ya fi na farkon shekarun 1990 muni nesa ba kusa ba, duk da haka manyan motocin ba su zube haka ba. A wannan karon manyan bankunan ƙasashe sun sauke kuɗin ruwa kusan zuwa sifiri, kuma akasarin masu irin waɗannan motoci da kuɗin aljihunsu suka saya, babu mai tilasta musu sayarwa. Motocin tsaka-tsaki, waɗanda aka ƙera da yawa, su ne suka ji jiki. A watan Mayu na 2009, ana tsakiyar rikicin, an yi gwanjon wata Ferrari 250 Testa Rossa a garin Maranello na Italiya a kan kimanin yuro miliyan 9, farashin da ba a taɓa biya wa mota a gwanjo ba kafin ranar.