Kafin ka ƙara RAM, duba Windows ɗinka tukuna

Zangon karatu da ya wuce na matse kuɗin abincina na sayi RAM mai gigabait 8 saboda furojet. Na saka, na kunna, sai Windows 7 ɗina ta ce 3.2 kawai za ta iya amfani da shi. Wallahi na ɗauka mai shago ya cuce ni. Ashe Windows ɗin ce mai bit 32.

Lissafin ba wuya. Kowane bait na RAM sai da adireshinsa, tsarin bit 32 kuwa adireshi 4,294,967,296 kaɗai yake iya ƙirgawa, wato gigabait 4. A ciki ma katin hoto da sauran kayan na'urar suna yankar rabonsu, shi ya sa ake ganin uku da 'yan kai. Ko 16 ka zuba, ragowar zaman banza yake.

Wani ɗan ajinmu ya ce ai akwai PAE. Gaskiyarsa, tun Pentium Pro na 1995 dabarar ke ba da damar kaiwa gigabait 64. Amma Microsoft ta tsayar da Windows na gida masu bit 32 a kan 4, don wasu direbobi rikicewa suke idan an wuce nan. Facin da ake saukewa a intanet don fasa wannan iyaka, ni dai ban yarda da shi ba. Wa zai so kwamfutarsa ta tsaya cak ana saura kwana uku kare furojet?

Na san wasunmu ba don so suke riƙe da XP ba, wata tsohuwar manhajar ɗakin gwaji ce ta ƙi tashi a sabuwar Windows. To, ku sa mai bit 64 ko Linux a matsayin babban tsari, ku ajiye XP cikin VirtualBox, ku ba ta gigabait 1 ko 2, ya ishe ta. Kar ku haɗa ta da intanet, tun Afrilun 2014 aka daina toshe mata kafofi.

Ni dai na kwashe fayilolina a filashi, na sa mai bit 64, RAM ɗina ya fito 7.9. Mai shagon har yau bai san na zage shi a zuci ba.