Birnin Zariya Gidan Tarihi Ne, Mu Ne Ba Ma Kallo



Yau kanmu za mu faɗa wa gaskiya, ko da za ta yi ɗaci. Mun iya ɗaukar tauraruwar labari mu kai ta gidan tarihin Louvre a Faransa, mu shafe shafi uku muna kwatanta wurin da a waya kaɗai muka gan shi. Amma a ce mu siffanta zauren gidan kakanninmu, sai mu rubuta "wani tsohon gidan ƙasa" mu wuce. Wannan ba wayewa ba ce, lalaci ne.

Mu nawa ne muka taɓa tsayawa ƙarƙashin rufin tsohon Masallacin Juma'a na ƙofar fada? Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi da ƙasa da azara a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a ƙarni na 19. Daga baya sabon gini ya lulluɓe shi, amma aka bar bakan gizonsa a ciki. Masana daga ƙasashen waje sun rubuta littattafai a kansa, mu kuwa sallah muke idarwa mu nemi takalmanmu.

Wani zai ce masu karatu Dubai suke so. To, yaushe muka ba su Zariya da kyau suka ƙi?

Ga shawara. A wannan makon mu shiga birni ta Ƙofar Doka da ƙafa, da hantsi, ba ranar Juma'a ba saboda cunkoso. Waya a aljihu, biro da takarda a hannu. Kada mu yi haɗama, gini ɗaya ya ishe mu a yini. Mu yi sallama, mu gaida dattawan da ke zaure, mu nemi izini kafin ɗaukar hoto, domin gidajen mutane ne. Sannan mu tambayi sunan komai: wanne ne zanko, mece ce makuba, yaya ake ɗaurin guga, wa ya zana dagin da ke goshin ƙofa?

Kowace damina wani soro na faɗuwa, a maye shi da bulo da kwano. Magina na tsufa, kalmominsu na bin su kushewa. In ba mu rubuta ba, jikokinmu a littafin Bature za su nemi Zariya.

Mako mai zuwa kowa ya kawo sakin layi ɗaya kan abin da idonsa ya gani. Allah ya sa mu dace.