Buhun saye daban, buhun sayarwa daban

Ƴan'uwa manoman rani na Ƙwanni, Galmi, Madarumfa, Matamaye da Magarya, sannunku da ban ruwa.

Mun san watan Fabrairu ba watan zama ba ne. Albasa ta kusa cira, tumatir na nuna, ruwan rijiyar garka na ƙara nisa, ga kuɗin man inji. Mai garka ya saba da wannan duka. Abin da ke ƙona masa rai shi ne dillalin da ke yawo da buhu iri biyu, babba in zai saya, ƙarami in zai sayar. Irin awon da masu mulki ke yi mana ke nan a kan maganar zaɓe.

Ku tambayi dattawanku labarin watan Yulin 1996. Janar Ba'are ya rushe hukumar zaɓe ta CENI tun ba a gama aiki ba, ya kafa wata, aka ce ya ci tun zagayen farko. Mahamadu Isufu na cikin ƴan takarar da suka ce ba su yarda ba, kuma gaskiyarsu ce. A 2009, da Tanja ya rushe majalisar dokoki da kotun tsarin mulki saboda tazarce, ƴan Tarayya sun cika titunan Yamai, sun ƙaurace wa ƙuri'ar raba gardama ta 4 ga Agusta. Tare muka yi wannan gwagwarmaya, don Mahaman Usman ne shugaban majalisar da aka rushe. A lokacin, ƙin yarda da zaɓen rashin gaskiya sunansa kishin ƙasa a bakinsu.

Sai mulki ya zo hannunsu. A 2016 Hama Amadu yana gidan kason Filinge aka yi zagayen farko, duk da haka ya zo na biyu. Adawa ta ƙaurace wa zagaye na biyu, aka ba Isufu sama da kashi 92 cikin 100, mutanen da suka yi wa Ba'are ihu su ne suka buga ganga. A Nuwamban 2020 kuma kotu ta cire Hama daga takara. Yau in muka ce a ƙirga a gabanmu, sai a ce muna neman tada zaune tsaye. To, yaushe tambaya ta zama laifi?

Ku da ke bakin iyaka kun ɗanɗana. Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 har Disamban 2020. Ba gwamnatinmu ta rufe ba, ba za mu ɗora mata ba. Amma wa ya tako garkarku ya tambayi yadda kuka yi da kayan da ba su jira? Da aka zo neman ƙuri'a, motoci sun gano hanya.

A zagayen 27 ga Disamban 2020 ɗan takararsu ya samu kashi 39 ne. Ke nan cikin mutum 10 da suka jefa ƙuri'a, 6 wani suka zaɓa.

Ranar Lahadi 21 ga Fabrairun 2021, ku yi ban ruwa da asuba, ku ɗauki katin zaɓe, ku tafi da iyalinku ku zaɓi Mahaman Usman. Da yamma ku koma rumfar zaɓe ku tsaya cikin natsuwa, ba zagi, ba jifa, har a ƙirga a gabanku. Kada wakilinmu ya tashi sai takardar sakamako mai sa hannu tana aljihunsa.