A tilasta musu rubutu mai karantuwa, a bar musu sauran

Ƴan kasuwa maza da mata, yau gardamar ta masu rubuta manhajar kwamfuta ce, amma ta taɓa aljihunku. Shagunan intanet da yawa a kan WordPress aka gina su, manhajar kyauta da Matt Mullenweg da Mike Little suka fito da ita a 2003. Ita kaɗai ba ta iya ciniki ba. Sai an ɗora mata ƙananan manhajoji na ƙari, irin su WooCommerce da ta fito a 2011, sannan ta nuna kaya da farashi, ta karɓi sayayya. Ƙarin nan dubbai ne, kuma da yawa ƴan sa kai suka rubuta su.

To, a tilasta wa waɗannan mutane salon rubutu guda, ko kowa ya yi yadda ya ga dama?

WordPress tana da ƙa'idodinta na salo: inda za a bar fili, yadda za a raɗa wa abu suna. Wajibi ne ga masu aiki a kan uwar manhajar, shawara ce ga masu ƙari. Amma ma'ajiyarta ba ta karɓar ƙarin da aka dagula rubutunsa da gangan don kar a gane, kuma ana duba sabon ƙari kafin a shigar da shi. A ganina sun yi daidai.

Ku dubi littafin bashi. In yaron shago ya cika shi da alamun da shi kaɗai ya sani, ranar da ya tafi ci-rani, wa zai karɓo muku kuɗinku? Haka ƙarin da ba ya karantuwa yake. Mai shi ya watsar, babu mai iya gyarawa, kuma ɓarawo na iya ɓoye ƙofa a ciki, ya kwashe lambobin masu saye. A nan dole a tilasta, ba sani ba sabo.

Amma a mayar wa ɗan sa kai aikinsa don bai bar fili bayan waƙafi ba? Wa ya taɓa ƙin gero mai kyau saboda ɗaurin bakin buhu? Mutumin nan ba a biyansa ko dala, kuma akwai manhajar da ke daidaita wannan da kanta.

Mai son a gina masa shago ya tambayi magininsa daga ina ya ɗauko kowane ƙari, kuma yaushe aka sabunta shi. Ma'ajiyar tana nuna wannan a fili.